Gaɓar da muke da ita: wuraren yawo a ƙafa daga Kwarin Tarka har bakin teku



Duk shekara idan sanyi ya shigo, ƴan uwanmu na Kwatano, Lome, Legas da Dakar sukan turo hotuna ta WhatsApp suna tsaye a bakin teku, igiyar ruwa na dukan ƙafafunsu. Yaran gida su kalla su ce: to mu ina namu? Gaskiya ne Nijar ba ta da teku, kuma daga Dakoro zuwa bakin teku mafi kusa sai an yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a mota. Amma gaɓa kam muna da ita. Akwai gaɓar kwari, akwai gaɓar tabki, akwai bakin dutse, har tsibirai muna da su a kogin Isa. Mun tattaro muku su a nan, daga na ƙofar gida zuwa na nesa: inda suke, abin da ake gani, lokacin da ya fi dacewa a je, da abin da ya kamata a kiyaye. Dalilinmu guda ne. Wuraren nan suna ta raguwa a kan idonmu, kuma wanda bai taɓa taka wuri da ƙafarsa ba, ba shi ne zai tashi ya kare shi ba.

Kwarin Tarka

Da shi za mu fara, don shi ne namu. Tarka tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani. Ya taso daga wajen Tanut a jihar Damagaram, ya biyo ta Belbeji, ya ratsa gundumar Dakoro, ya gangara Madawa a jihar Tawa, sannan ya nufi iyakar Najeriya ta wajen gulbin Rima. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 300. A ƙasansa, wajen Madawa, ruwa yana kusa, shi ya sa albasa ta samu gida a can. A nan wajenmu kuwa, kwarin na dabbobi ne.

Mai son ya ga kyan Tarka ya fito bayan sallar asuba, ya hau jigawar da ke bakin kwarin, ya tsaya tukuna kafin ya gangara. Daga sama ake ganin yadda itatuwa suka yi layi suna bin ƙasan kwarin, kamar har yanzu ruwa na gudu a ƙarƙashinsu. Idan ka fara gangarawa, ƙasa ce za ta fara faɗa maka ka iso: jan rairayi ya ƙare, laka mai duhu ta karɓa. Nan za ka tarar da bagaruwa, aduwa, magariya, kandili da gao. Da damina ƙananan tabkuna kan cika, shamuwa da balbela su sauka, garken shanu da raƙuma su yi ta zuwa mashaya. Da rani kuwa rayuwa takan koma bakin rijiyoyi, inda ake jan guga da sa ko raƙumi ko jaki tun safe har azahar. Wanda ya daɗe a birni bai ji ƙarar gugar nan da kukan maraƙa ba, to ya zo ya ji, ya san ya dawo gida.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, ciyawa na nan ba ta ƙone ba, sai kuma Disamba da Janairu saboda sanyi. A Afrilu da Mayu, da hantsi ya yi a nemi inuwa.

Sai dai mai tafiya cikin Tarka yau ba kyau kaɗai zai gani ba. Tun ranar 26 ga Mayu 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a jihar Maraɗi kwarin nan ne ake ɗauka a matsayin iyakar: kudu ta manoma, arewa ta makiyaya. Jama'a ta ƙaru, gonakin kudu sun gaji, sai noma ya riƙa hawowa har cikin kwarin, wani wurin ma ya tsallake. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tanadi burtali da makiyaya da mashaya, aka kafa kwamitocin kula da filaye da muke kira kofo tun daga ƙauye har gunduma. Turakun simintin da kuke gani jere a daji, su ne alamar burtali. Duk wanda ya bi su da ƙafa zai ga inda aka bar hanya da faɗinta, ya kuma ga inda gona ta ci ta har garke ba ya wucewa sai ya taɓa shuka. Daga irin wannan matsin ne rigima ke tashi, kuma mutanen jihar Maraɗi ba su manta abin da ya faru a Toda a 1991 ba. Allah kada ya maimaita mana. Shi ya sa muke ganin yawon da dattijo zai yi da samari yana nuna musu inda burtali ya bi da inda mashaya take, ya fi yawon shan iska kawai.

Ranar kasuwar Sakabal ma dama ce: tun da sassafe hanyoyin daji ke cika da masu koro dabbobi daga kowace kusurwa, Hausawa, Fulani da Buzaye, kowa da shigarsa.

Gadabeji da Akadane

Arewa da mu, a gundumar Bermo, akwai gandun dajin Gadabeji. An kafa shi a 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyaye halittunsu. Ƙasar tudu da kwari ce: jigawa bayan jigawa, tsakaninsu ƴan kwaruruka masu itatuwa. Tafiyar tana da daɗi amma tana cin ƙafa, don rairayin na da laushi.

Dattawanmu sun san raƙumin dawa a wannan yanki kafin fari da farauta su kawar da shi kusan shekara 50 da suka wuce. A Nuwamba 2018 aka ɗauko guda 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a mota, aka sake su a Gadabeji. Wasu sun biyo baya a 2022, kuma an fara samun haihuwa. Irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, a Nijar kaɗai ya rage a duniya. Ban da shi akwai barewa, dila, yanyawa da tuje.

Ba a shiga gandun kai tsaye. Sai an je wurin ma'aikatan gandun daji an nemi izini, su haɗa ka da ɗan rakiya. Ba farauta, ba saran itace, ba kunna wuta. Idan an ga raƙumin dawa a tsaya daga nesa a yi shiru, kada a bi shi da babur don ɗaukar hoto.

A wannan yankin ne kuma tabkin Akadane yake, mashayar da makiyaya suka dogara da ita. Ƙarshen damina, lokacin da Wodaɓe ke taruwa, shi ne lokacin ganinsa. A zagaya gefe, a bar wa dabbobi bakin ruwa.

Birnin Lalle da Gulbin Kaba

Kusa da Dakoro akwai Birnin Lalle, wanda tarihin Gobirawa ya ambata cikin biranen da suka zauna bayan sun baro Azbin. Tafiya ce gajera, ta dace da malamin lakkol da ɗalibansa, musamman idan an samu tsoho daga garin ya yi musu bayani.

Can kudu kuma, Gulbin Kaba ya biyo ta Mayahi ya ratsa kudancin gundumar Dakoro. Sunansa ma ya faɗi abin da ke cikinsa: goriba da kabarta, wadda mata ke saƙa tabarma da igiya da faifai da ita. Da yamma, rana ta yi sanyi, tafiya tsakanin goribar nan ba ta da na biyu. Mai lura zai ga manyan goriba sun fi yawa a wasu wuraren, a wasu kuwa sai gajerun kaba da ake yanka ba a bari su tashi. A gonakin da ke gefe za ka ga aikin sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. A jihar Maraɗi aka fara yaɗa dabarar a farkon shekarun 1980, yau kuwa ana lissafin kusan hekta miliyan 5 da suka sake yin itace a kudancin ƙasar nan.

Tabkin Madarunfa

Idan ana maganar bakin ruwa na sosai a jiharmu, Madarunfa ce. Tana kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 ba, kuma daga Dakoro zuwa Maraɗi kusan kilomita 125 ne. Tabkin ba ya ƙafewa, idan ya cika yakan kai kusan hekta 800. A gefensa akwai manyan itatuwa, lambuna, da masunta da kwalekwalensu. Tarwaɗa da karfasa ake kamawa, ana soya su nan take a bakin ruwa. Da sanyi tsuntsayen ruwa kan sauka da yawa, har da masu tasowa daga Turai suna gudun sanyin can.

Abin da ya sa sunan tabkin ya yi nisa shi ne kaburburan waliyyai 99 da mutanen wurin suka ce suna kewaye da shi. Masu ziyara na zuwa daga Nijar da Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sa tabkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Don haka mai zuwa ya zo da ladabi: sutura ta mutunci, ba hayaniya, kuma a tambayi masu kula da wurin kafin a ɗauki hoto.

Matsalar tabkin yashi ne. Duk damina ruwa na kwaso ƙasa daga gonakin da ba su da itace ya zuba a ciki, zurfinsa na raguwa. Ga kuma batun tsaro: ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Madarunfa sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. A tsaya wajen gari da bakin tabki, a je da rana a dawo da rana, kada a nausa dajin Baban Rafi ba tare da sanin hukuma ba.

A kan hanyar zuwa za ku wuce Tsibirin Gobir, a bakin Gulbin Maraɗi, inda Gobirawa suka kafa sarautarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ga mai neman tsibiri, to ga gari guda mai wannan suna a ƙofar Maraɗi.

Duwatsun Adar

Yamma da mu, da an shiga jihar Tawa, ƙasa takan canza. Rairayi ya ƙare, dutse ya fara. Wajen Buza, Keita da Madawa tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, sai kwatsam ya yanke, ka ga kwari a ƙarƙashinka da garuruwa da gonaki. Wannan bakin dutsen shi ne irin namu na abin da mutanen bakin teku ke hawa su kalli ruwa.

Kuma abin mamaki, masana ilimin ƙasa sun ce teku ya taɓa kwanciya a nan, sama da shekara miliyan 50 da suka wuce. Shaidar tana cikin dutsen: ɓawon dodon koɗi, haƙoran manyan kifaye, da sauran halittun ruwan gishiri da suka zama dutse. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza ma daga kwancin wannan tekun ya samu. Ke nan yaron da ya tambaya ina tekunmu, a kai shi Adar ya tsinci ɓawon da hannunsa. Ikon Allah ke nan.

Daga bakin dutsen Buza ana hango kwarin Maggiya da layukan dogon yaro da aka fara shukawa a 1975 don tare iska. A Keita kuwa, tun 1984 aka yi babban aikin gyaran ƙasa da taimakon Italiya, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Katangun dutse da ramukan rabin wata da ke gefen tsaunuka aikinsu ne. Wanda ya ga wannan ya dawo Tarka, zai san ƙasar da ta mutu tana iya farfaɗowa idan an tashi mata.

Hawan dutsen Adar na son takalmi mai ƙarfi, silifa ba ya yi. Kada a matsa baki sosai, don dutsen na ɓarewa, kuma kada a ɗaga dutse da hannu ba a duba ba saboda kunama da maciji.

Kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas akwai tabkin Tabalak. Doguwar gaɓa ce, ga ruwa ga jigawa, ga lambuna ga masu sayar da kifi a bakin titi. Tun 2005 yake cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kiyaye tabkuna da fadamu.

Tsibiran kogin Isa

Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 a cikin Nijar, kuma tsibiranmu na gaske a nan suke. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke Yamai suna iya zuwa Bubon, kimanin kilomita 25 daga birnin, garin masu ginin tukwane, a tsallaka tsibirin da ke gabansa da kwalekwale. Can wajen Gaya akwai tsibirin Lete, wanda Nijar da Benin suka daɗe suna jayayya a kansa, har kotun duniya ta Hague ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005 ta ba Nijar shi. Makiyaya da manoma da masunta ne ke cikinsa. Ayoru ta yi suna da kasuwarta ta Lahadi da dorinarta, amma halin tsaron jihar Tillaberi a ƴan shekarun nan bai bar wurin yawon buɗe ido ba.

A kogi doka biyu ce: kada a shiga kwalekwalen da aka cika maƙil, kuma kada a matsa kusa da dorina, balle mai ɗa.

Ga ƴan uwanmu na bakin teku

Ku da kuke can, ga wasu wuraren da suka cancanci ranar hutunku. A Kwatano akwai bakin tekun Fijirose, rairayi da itatuwan kwakwa har iya ganinka. A Wida, yamma da Kwatano, akwai hanyar bayi, kusan kilomita 4 daga gari zuwa bakin ruwa, inda aka gina ƙofar tunawa a 1995. Ta nan aka yi ta fitar da mutane zuwa Amurka, kuma cikin waɗanda aka kai Brazil har da Hausawa. Ku bi ta da ƙafa, ku kai yaranku. A Dakar, jirgin ruwa na kai mutum tsibirin Gore cikin kusan minti 20. Mota ba ta shiga, cikin ɗan lokaci an zagaye shi, kuma tun 1978 yake cikin kayan tarihin duniya. A Dakar ɗin dai akwai tsaunukan Mamel da fitilar jiragen ruwa a kai, da Almadi, ƙarshen ƙasar Afirka ta wajen yamma.

Amma ku ji wannan da kyau. Teku ba tabkin damina ba ne. Daga Legas har Akra igiyar ruwa na da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa daga ƙasa wanda ke kwashe ƙafar mutum ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba. A tsaya a kan rairayi, a riƙe hannun yara, kada a ba ruwa baya don ɗaukar hoto. Idan masunta sun ce kada a shiga, to kada a shiga.

Abin da za a kiyaye ko ina aka je

A sanar da na gida inda za a je da lokacin dawowa, kuma kada a tafi mutum ɗaya.

A ɗauki ruwan sha isasshe, da rawani ko malfa. Wando mai kauri na maganin ƙarangiya.

Idan an shiga gari ko ruga a fara da sallama, a gaida maigari ko arɗo, a faɗi abin da ya kawo mutum. Baƙon da ba a san shi ba a daji, a wannan zamani, yana tada hankalin jama'a.

Kada a ratsa gona kafin a kwashe amfani, kada a raba garke biyu, kada a zauna a hanyar mashaya.

Wutar shayi da guntun taba suna cikin abubuwan da ke tada gobarar daji. Daga Oktoba ciyawa ta bushe, iska ɗaya ta isa ta cinye abincin dabbobi na shekara. A kashe wuta da ƙasa, a tabbatar ta mutu kafin a tashi.

Yara kada su yi wanka a ruwan kwance, saboda tsargiya da kuma nutsewa. Idan hadari ya haɗo a fita daga ƙorama, ko da a busashe take, don ruwan sama na nesa yana iya isowa ba zato.

Ledar ruwa da ta kayan ciye-ciye a dawo da ita gida. Kowa ya san abin da leda ke yi a cikin tunkiya.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu ga ƴan ci-rani masu shirin zuwa ganin gida bana. Cikin kwanakin gaishe-gaishe ku ware safiya guda, ku ɗauki ƴaƴanku da aka haifa a can, ku nemi wani tsoho ya raka ku Tarka. Ya nuna musu rijiyar da kakansu ya shayar, ya faɗa musu sunan kowane itace, ya nuna musu inda burtali yake da inda ya kamata ya kasance. Idan kun ga an tumɓuke turke ko an toshe hanya, ku sanar da maigari ko kwamitin kofo tun abin bai yi girma ba. Hotunan da kuka ɗauka kuma ku tura wa na bakin teku, su ma su ga tamu gaɓar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai kowa gida lafiya.